Kaso Daban, Kyauta Daban: Darasi Daga Unguwannin Zaman Tarayya

Gabatarwa

Duk inda mutane suka mallaki abu tare, rijiya ce ko rufin gini ko injin ba da wuta, tambayoyi biyu ba sa jimawa kafin su taso. Ta farko ita ce: nawa ne ya hau kan kowa? Ta biyu kuwa: idan wani mai hali ya ce zai ƙara daga aljihunsa, yaya za a karɓa, kuma me ƙarin nan zai jawo masa a wurin jama'a? Tambaya ta farko kowa ya san da ita, shi ya sa ake zaunawa a kanta. Ta biyu ce ake yawan tsallakewa, domin ana ganin babu abin tattaunawa a cikin alheri, alhali sau da yawa ita ce ke raba kan mutane bayan shekaru.

Wannan darasi zai duba yadda wani nau'in unguwa da ya samo asali a ƙasar Denmak ya fuskanci tambayoyin nan biyu. Mun zaɓe shi ne saboda mazaunansa ba su da maigida ko shugaban da zai yanke magana, don haka ya zame musu dole su rubuta abin da wasu al'ummomi ke barin sa a zuci. Abin da suka cimma yana da amfani ga mai bayarwa da kuma kwamitin da ke karɓa.

Asalin unguwannin

A shekarar 1964 wani mai zanen gine-gine ɗan Denmak, Jan Gudmand-Høyer, ya tara abokansa suka yi shawarar gina gidaje kusa da juna, inda kowane iyali zai zauna a gidansa amma a yi tarayya a wasu wurare. Yunƙurinsu na farko a bayan birnin Kofanhegan bai kai ga gini ba saboda maƙwabta sun ƙi amincewa. A 1967 marubuciya Bodil Graae ta wallafa maƙala a jarida tana kira ga zaman da tarbiyyar yara za ta zama nauyin manyan unguwa baki ɗaya, kuma kiran ya tara iyalai masu irin wannan ra'ayi. A 1972 iyalai 27 suka tare a Sættedammen, kusa da garin Hillerød, wadda ake ɗauka a matsayin ta farko a irin waɗannan unguwanni. Daga baya masu zanen gine-gine biyu 'yan Amurka, Kathryn McCamant da Charles Durrett, suka yi nazarin tsarin a Denmak, suka fitar da littafi a kansa a 1988. A 1991 aka buɗe Muir Commons a garin Davis na jihar Kalifoniya da gidaje 26, ita ce ta farko da aka gina bisa wannan tsari a Amurka.

Siffar unguwar ba ta da wuyar fahimta. Kowane iyali yana da cikakken gida, da madafarsa, da abin da yake samu na kansa, ba a haɗa albashi ko dukiya. A tsakiya akwai gidan tarayya mai babbar madafa da zauren cin abinci, sau da yawa har da ɗakin baƙi da wurin wanki da wurin wasan yara. Ana ajiye motoci a gefe, a bar tsakiyar unguwa ga masu tafiya a ƙasa. Mazauna ne ke tafiyar da komai da kansu, kuma galibi ba sa zartar da babbar magana sai an kai matsayin da babu wanda ya tsaya kan ƙin amincewa.

Bahaushe zai ga kamar ya san wannan zama, domin babban gida mai sassa da tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya daɗaɗɗen abu ne a wurinmu. Bambancin shi ne, a babban gida jini ne ya haɗa mutane kuma akwai maigida, a can kuwa baƙin juna ne suka zaɓi zama tare, kowa da kuɗinsa ya sayi gidansa. Abin da zumunta ke ɗaukewa a nan, yarjejeniya ce kawai za ta iya ɗaukar sa a can.

Yadda ake raba kuɗin wajibi

Kowace shekara mazauna suna zama su tsara kasafi: inshora, wuta da ruwan gidan tarayya, gyaran hanyoyi, kwashe shara, da abin da za a ajiye domin manyan gyare-gyare. Sannan a raba jimillar a kan gidaje, kowa ya riƙa biyan kasonsa wata-wata. A nan ne muhawara take, domin hanyoyin rabon uku ne, kuma kowacce tana da hujja. Ana iya raba daidai wa daida a kan kowane gida, saboda kowane gida murya ɗaya gare shi a taro. Ana iya rabawa bisa faɗin gida, saboda babban gida ya fi cin kuɗin rufi da inshora. Ana kuma iya rabawa bisa yawan mutanen gida, saboda su ne ke amfani da zaure da ruwa.

Bari mu buga misali domin a ga tasirin zaɓin. A ɗauka unguwa tana da gidaje 30, guda 10 ƙanana masu murabba'in mita 60, guda 20 manya masu murabba'in mita 120, kasafin shekara kuma dala 60,000 ne. Idan aka raba daidai, kowane gida zai biya 2,000. Idan aka bi faɗi, ƙaramin gida zai biya 1,200, babba 2,400. Idan kuwa aka raba rabin kasafin daidai, ɗaya rabin bisa faɗi, ƙaramin zai biya 1,600, babban 2,200. Tsakanin hanya ta farko da ta biyu, tsohuwar da ke zaune ita kaɗai a ƙaramin gida tana da bambancin dala 800 a shekara. Shi ya sa unguwanni da dama suke gauraya hanyoyin: abin da ya danganci gini a bi faɗi, abin da ya danganci amfanin yau da kullum a bi gida ko yawan mutane.

Abincin da ake ci tare yana da nasa lissafin. Masu girkin ranar suna rubuta abin da suka kashe, a raba a kan waɗanda suka ci, yara su biya ƙasa da manya ko a ɗauke musu. Ba a auna cikin kowa, wanda ya ƙara da wanda bai ƙara ba farashinsu ɗaya. Wannan yana da asali a fikihunmu, domin Imamul Bukhari ya kawo a babin tarayya halaccin matafiya su haɗa guzurinsu su ci tare ko da wani ya fi wani ci, ya kuma kawo yabon da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ash'arawa, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sukan tara shi wuri ɗaya su raba daidai.

Masaniyar tattalin arziki Elinor Ostrom, mace ta farko da ta sami lambar Nobel a wannan fanni a 2009, ta yi nazarin al'ummomin da suka daɗe suna kula da makiyaya da dazuzzuka da ruwan noman rani ba tare da sun lalata su ba. Daga cikin abin da ta gano sun yi tarayya a kai akwai cewa nauyin da ke kan mutum yana daidai da amfanin da yake samu, waɗanda doka ta shafa suna da hannu wajen tsara ta, akwai masu sa ido a kan bin ta, kuma horon mai saɓawa yana farawa da sauƙi kafin ya tsananta. Darasin a nan shi ne, adalcin rabo bai tsaya ga lissafi kaɗai ba. Mutum yakan jure biyan abin da ya ɗan fi ƙarfinsa idan da shi aka tsara ma'aunin, kuma ya san ana bin kowa da shi.

Asusun manyan gyare-gyare

Rufi ba ya lalacewa kowace shekara, amma kowace shekara yana tsufa. Unguwar da ke karɓar kuɗin wuta da shara kawai, ranar da rufin gidan tarayya ya fara yoyo za ta tarar asusunta babu komai. Saboda haka ake lissafa kowane babban abu da aka mallaka tare, a ƙiyasta shekarun da suka rage masa da kuɗin sake shi, a riƙa ware wani abu duk wata. A Kalifoniya doka ce ta wajabta wannan lissafi da ƙiyasi. Dokar Davis-Stirling ta 1985, wadda ke tafiyar da gidajen da ake tarayya a wasu sassansu, ta tanadi a duba waɗannan kadarori da ido aƙalla sau ɗaya cikin shekara 3. Ta kuma hana shugabannin ƙungiyar masu gidaje ƙara kuɗin da aka saba biya fiye da kashi 20 cikin 100 a shekara, ko ɗora kuɗin musamman da ya wuce kashi 5 cikin 100 na kasafi, sai da amincewar mambobi.

Abin da ya faru a garin Surfside na jihar Filorida ya nuna nauyin wannan batu. Ginin Champlain Towers South bene ne mai hawa 12, ba unguwar zaman tarayya ba ce, amma mallakarsa iri ɗaya ce: kowa da sashensa, ginshiƙai da rufi na kowa ne. A 2018 injiniya ya ba da rahoton mummunar lalacewa a kankaren ginin. Aka ɗauki shekaru ana kai-komo a kan kuɗin gyara, har ya kai kimanin dala miliyan 15 da aka ɗora wa masu gidajen a 2021. A ranar 24 ga Yuni, 2021, kafin a yi nisa da aikin, wani ɓangare na ginin ya rufta, mutum 98 suka rasu. A 2022 jihar ta yi dokar da ta tilasta wa irin waɗannan benaye binciken ƙarfin gini da tara kuɗin gyaransa.

Malaman fikihu sun riga sun tsayar da makamanciyar wannan ƙa'ida a babin waƙafi: gyaran abin da aka yi waƙafinsa shi ake fara cirewa daga kuɗin da yake samarwa, kafin a raba wa masu cin amfaninsa, domin idan asali ya rushe amfanin ma ya yanke.

Idan mamba ya kawo kyauta

A kowace unguwa akwai wanda ya fi sauran samu, kuma ba a rasa ranar da zai ce: na ga ana ta jan maganar sayen kayan wasan yara, ko sanya faranta masu ɗaukar hasken rana a kan gidan tarayya, ni zan biya. Niyyarsa tana iya zama kyakkyawa ƙwarai, amma kyautar tana zuwa da abubuwa huɗu da ya kamata a lura da su.

Na farko, tana sauya jerin abin da jama'a suka fifita. Idan taro ya amince cewa gyaran magudanar ruwa ne a gaba, sai wani ya biya kuɗin wani aiki na daban, to kuɗinsa ya tsallake da burinsa gaban na kowa. A wurin da aka gina shi bisa cewa kowane gida murya ɗaya gare shi, wannan murya ta biyu ce da ba kowa ke iya sayenta ba.

Na biyu, kusan kowace kyauta tana da cin kuɗi a bayanta. Abin da aka saya sau ɗaya yana buƙatar wuta da gyara da inshora da wurin ajiya shekara da shekaru, kuma waɗannan suna faɗawa ne cikin kasafin kowa, har da wanda bai nemi abin ba. Ashe mai kyautar ya ɗora wa maƙwabtansa kaso ba tare da an tambaye su ba.

Na uku, mallaka takan zama da duhu. Mutum ya kawo teburi ko injin ɗinki ya ajiye a gidan tarayya, bai faɗi ko kyauta ce ko aro ba. Ranar da abin ya lalace, ko jama'a suka so sauya shi, ko shi ya tashi daga unguwar, ko ya rasu magada suka zo, sai a ga kowa da fahimtarsa.

Na huɗu, kyautar da ke toshe giɓin kasafi tana ɓoye gaskiyar tsadar zaman. Idan mutum ɗaya ya saba cike abin da ya rage duk shekara, sauran za su zauna da zaton kasonsu ya isa, sai ranar da ya ƙaura ko samunsa ya ja baya sannan a gane an daɗe ana cin bashin alherinsa.

Bisa wannan ne unguwannin da suka yi zurfin tunani a kan batun suke tsayar da ƙa'idoji tun kafin kyauta ta zo. Ana fara amincewa da aikin a taro kamar kowane aiki, a tambayi ko ana son sa da a ce daga kasafi za a biya, sannan a yi maganar wanda zai biya. Ana lissafa abin da zai riƙa ci duk shekara, a san daga inda zai fito. Abin da aka karɓa ya zama mallakar jama'a, suna da ikon gyara shi ko matsar da shi ko sayar da shi, mai bayarwa kuma ba shi da fifiko wajen amfani. Aro ko rance a kira shi da sunansa a rubuce, da ranar mayarwa. Kuɗin wajibi, musamman na manyan gyare-gyare, ba a dogara da kyauta a kansa. Wasu kuma sukan bi ta hannun ma'aji kaɗai domin kada a san wanda ya bayar, musamman idan kuɗin na taimaka wa maƙwabcin da ya kasa biyan kasonsa ne, saboda su biyun za su ci gaba da haɗuwa a teburi ɗaya.

Abin da fikihu ya tanada

Mai karatu zai lura cewa mafi yawan waɗannan ƙa'idoji suna da 'yan uwa a littattafanmu. Lokacin da Sayyidina Usman ɗan Affan (RA) ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya bar ta ga Musulmi, gugansa ya zama ɗaya daga cikin gugunan mutane, bai ware wa kansa layi ba. Aya ta 264 a Suratul Baƙara ta yi gargaɗi cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, kuma neman a fifita ra'ayin mutum saboda abin da ya bayar ƙofa ce ta gori ko da bai furta ba. A mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai an karɓe ta ta fita daga hannun mai ita, idan ya rasu kafin haka ta koma cikin gado. Wannan kaɗai ya isa dalilin rubuta ranar karɓa da shaidu.

Mai waƙafi yana da damar gindaya sharaɗi, kuma ana bin sharaɗinsa matuƙar bai saɓa wa shari'a ba, kamar yadda Sayyidina Umar (RA) ya bayyana inda amfanin gonarsa ta Khaibar zai tafi. Amma lokacin sharaɗi shi ne lokacin bayarwa, tun ran gini tun ran zane. A lokacin ne kuma masu karɓa suke da damar cewa ba za su iya ɗaukar wannan sharaɗi ba. Wanda ya bayar babu sharaɗi ba zai dawo bayan shekara biyu ya ƙirƙiro shi ba.

Zakka kuwa babinta daban. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta iyakance ta ga jinsi 8, kuma mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ba a gina masallaci ko hanya ko rijiya da ita. Saboda haka mutum ba zai biya kasonsa na abin tarayya ko ya sayi wa unguwarsu injin ruwa ya lissafa shi a zakka ba. Abin da ya halatta shi ne ya ba maƙwabcinsa matalauci ko wanda bashi ya yi wa katutu, ya mallaka masa, shi kuma ya biya buƙatarsa da ita. Abin sha'awa, dokar haraji ta Amurka ma a galibin hali ba ta ɗaukar abin da mutum ya ba ƙungiyar masu gidajen unguwarsu a matsayin sadakar da ake rage haraji saboda ita, domin amfanin yana komawa ne gare shi da maƙwabtansa.

Ga kwamitoci da masu bayarwa

Masallacin unguwa ya bambanta da unguwar zaman tarayya ta fuska ɗaya babba: ba a ɗora wa mai salla kaso na dole, ƙofa a buɗe take ga kowa. Wannan ne ma ya sa haɗarin dogaro da mutum ɗaya ya fi girma a wurinmu. Wanda ya kawo na'urar sanyaya ɗaki ya kawo kuɗin wuta da na mai tare da ita. Wanda ya haƙa rijiyar burtsatse ya bar wa wani gyaran famfo. Ya dace kwamiti ya riƙe jerin buƙatu da aka amince da shi a zama, ya nuna wa duk mai son taimakawa, ya ware asusun hidimar yau da kullum daga na gyara, ya kuma raba duka biyun da kuɗin zakka. Hidimar wata-wata ta fi aminci idan ta tsaya a kan alkawarin mutane da yawa, kowa gwargwadon ikonsa, domin hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Idan kyauta ta zo da sharaɗin da ba za a iya cikawa ba, ko da nauyin da ba a san mai ɗauka ba, mayar da ita cikin ladabi da godiya ya fi karɓar amanar da za a tozarta.

Shi kuma mai bayarwa, kafin ya sayi abu ya tambayi abin da ake buƙata. Idan abin mai cin kuɗi ne, ya haɗa shi da abin da zai riƙe shi, ko da shago ɗaya ne da za a riƙa karɓar hayarsa. Ya rubuta nufinsa a gaban shaidu, sannan ya saki hannu, ya koma ya zauna a taro da murya ɗaya kamar kowa. Sau da yawa biyan kuɗin gyaran rufi, wanda ba wanda zai gani balle ya yaba, ya fi sabon abu amfani ga jama'a.

Allah Ya karɓi abin da aka bayar, Ya ba masu riƙon amana ikon sauke ta. Allah ne Mafi sani.